Ranar da Teles Ta Kai Ƙarata Kaduna

Har tsufana ba zan manta da ranar da na'urar teles ta tona mini asiri ba. Lokacin ina akawu a wani kamfanin sayen auduga a Gusau, ina ji da kaina don na gama sakandare.

Da aka kawo na'urar, wadda kana buga saƙo a nan yana fita a takarda a hedikwatarmu ta Kaduna, na ɗauka ni za a ba. Sai Manaja ya miƙa ta ga Malam Garba, mutumin Bungudu, tsohon mai buga tafireta wanda ko firamare bai ƙare ba. Raina ya ɓaci. Kullum ina kallonsa ta gefen ido, baƙi suna tsayawa a kansa suna yaba shi, ni kuwa ina ta jan layi da rula. Na kwashi littafin bayanin na'urar na kai gida Tudun Wada, na haddace shi tsaf (ban yi wa karatun allo wannan hidimar ba, Allah Ya yafe mini).

Wata Litinin Malam Garba ya tafi bikin suna a Tsafe. Manaja ya ce a aika jerin motocin da suka tashi da kaya. Kafin ya rufe baki na ce, “Ranka ya daɗe, ni na san ta ciki da waje.”

Na kira Kaduna, layi ya shiga. Manaja ya fita ɗauko jerin motocin. Littafin ya ce idan ka danna maɓallin hagu layi zai katse, duk abin da ka buga a takardarka zai tsaya. Na danna don in ɗan motsa yatsu. Da yake abin da ke cikin zuciya shi ke fara fita, sai na buga: “Garba bai iya komai ba sai washe haƙora. Manaja kuwa ga sanƙo kamar ƙwaryar da aka kife.” Na yage takardar na cusa aljihu, har da murmushi.

Manaja ya dawo ya tsaya a bayana. Nan take na'urar ta fara kakat-kakat da kanta, muna karantawa tare: “Mun karɓa. Muna jiran jerin motoci. A gai da Malam Garba, a gai da ƙwarya.”

“Wace ƙwarya?” in ji Manaja.

Na ce ƙila kuskuren layi ne. Sai ya sa ni, da yatsuna, na tambayi Kaduna. Suka maido da saƙona kaf, ba su rage ko harafi ba. Ya karanta, ya gyara hularsa, ya ce in jira hukunci gobe.

Washegari Malam Garba ya ji labari, ya yi dariya har da hawaye. “Ɗana, littafin nan na tsohuwar na'ura ne. Wagga tamu maɓallin hagu ba ya katse komai, mai gyara ya faɗa min ran da anka kawo ta. Mi ya hana ka tambaye ni?”

Shi ya shiga wurin Manaja ya roƙa, aka bar ni da gargaɗi. Shi kuma ya koya mini aikin, wata uku ina kujerar gefensa.

Tun daga ranar, in hassada ta motsa mini, sai in haɗiye ta da ruwa. Ciki dai ba shi da layin Kaduna.