Kujera Ƙafa Sama

"Lafiya lau na kwana, amarya. Don Allah matsa, kin tare min haske."

"Gaisuwar ke nan? Allah ya haɗa ni da miji mara tarbiyya."

Kaka ce tsaye a bakin ƙofa da bargonta a kafaɗa, za ta shanya. Jikan nata kuwa tun safe yake zarya tsakanin kwamfuta da injin buga takarda. Wani mai shagon kujeru ne ya ba shi aikin zana tambari a kan kati. In mai saye ya ajiye katin a ƙasa ya haska shi da waya, sai kujera ta bayyana a fuskar wayar kamar tana tsakar ɗakinsa. Ƙarfe biyu zai kai aikin, in bai yi ba a ba wani. Ga shi wannan ne aikinsa na farko tun da ya bar ofis da cika bakin zai ci gashin kansa, shi ya sa gumi ke keto masa.

Ta leƙa wayar. "Kai! Kujerar taka ta sha wani abu ne? Ji yadda take juyi."

"Ba ruwanki, wannan ilimin ya fi ƙarfin mai haƙori uku."

"Huɗu ne, maƙaryaci. Ka kwana uku kana wa takarda hoto, ka ce kana sana'a. Ni kam zan nemi saki."

"Wa zai kwashe ki? Kin girmi titin gidan nan."

"Mai gyaran agogo na nan yana jira. Shi kujerarsa ana zama a kanta."

Ya sake buga wani katin, ya haska. Kujera ta fito, ta kalli gabas, ta yi tsalle ta kalli yamma, sannan ta ɓace. Ya dubi agogo, sha biyu ta gota. Kaka ta ga abin ya wuce wasa, ta matso kusa da shi.

"Miƙo in ga zanen."

"Da wane idon?"

"Da wanda ya ga ranar da aka haife ka, kai kamar tulu."

Ta karɓi katin. Zane ne mai kyau, baƙi da fari, fure mai kunne huɗu. Ta juya shi, ta sake juyawa, ta taɓe baki.

"Ina kansa?"

"Kan me?"

"Kan zanen mana. Ina sama, ina ƙasa? Ko ta ina na juya, iri ɗaya ne. Ni mai hankali na rasa gabansa, balle waya."

"Ai kyawun ke nan, komai daidai wa daida."

"To ka ci kyau."

Ta warware bargon, ta nuna masa kusurwa ɗaya da ta yi wa ɗinki da jan zare.

"Duk bargon da na saƙa sai na ɓata masa gefe guda, don in san wajen kai. Shekara bakwai ina lulluɓa maka wannan, ban taɓa sa maka wajen ƙafa a fuska ba."

Ya yi tsaye baki buɗe. Sai ya faɗa kan kwamfuta, ya cire wa furen kunne ɗaya, ya dasa baƙin ɗigo a kusurwa, ya karkata layi biyu. Ya shigar da sabon zanen, ya buga, ya haska.

Kujera ta zauna daram. Ya zagaya ta, ya matso, ya ja baya. Ko motsi.

"Ta zauna! Kaka, ta zauna!"

"Yau kuma Kaka ce? Ina mai haƙori uku?"

"Huɗu ne, wallahi huɗu ne! Kin ci. Ungo katin farko, naki ne."

"Kujerar da ba a zama? Rowarka ta kai."

Amma ta soke shi a bakin zani. Ya suri jaka ya yi waje da gudu, har ya kai ƙofar gida ta ƙwala masa kira.

"Maigida! Dawo, rigarka a bai-bai take. Kai ma sai na ɗinka maka jan zare."