Shebur ɗin Dakta Ido Guda

Allah Ya yi mana baiwa da masana, amma Dakta Ido Guda daban yake. Shi ne shugaban ɗakin gwajin ƙasa a ma'aikatar gona, kuma fanninsa tsutsar da ke cin saiwar shuka, wadda ido ba ya gani sai da madubin likita. Tsabar leƙen madubin nan ta sa ya saba kanne ido ɗaya. Haka yake amsa gaisuwa, haka yake duban matarsa, kamar mai neman gano jinsinta.

In ka kai masa saiwar tumatir da ta yi ƙulu-ƙulu, ba zai ce maka komai ba sai ya gyara farar rigarsa ya yi gyaran murya.

"Ku duk tsutsa tsutsa ce a wurinku," in ji shi. "Ni kuwa tsinken bakinta nake aunawa, wanda take huda saiwa da shi. In duba wutsiya, mai tsini ce ko dunƙulalliya. Sannan in yanki gindin macen, in karanta zanen da ke jiki. Duk duniya mu ƙalilan ne ke iya duban gindin tsutsa mu faɗi asalinta."

Gaskiya ya faɗa. Ban taɓa jin wanda ya yi masa gardama a kan wannan kujera ba.

Dakta yana da wa'azi guda da manoma suka haddace. Tsutsar nan raguwa ce, ba ta iya tafiyar kirki da kanta, sai dai a ɗauke ta cikin ƙasar da ta manne a fartanya. Don haka kowa ya wanke kayan aikinsa kafin ya shiga wata gonar. Ya sha tsayar da dattijo mai furfura a rana yana yi masa faɗa a kan ƙazamar fartanya.

To, shi ma yana da ɗan shebur na ɗibar ƙasa, mai ƙotar katako mai sheƙi, wanda ya zo da shi daga wurin karatu. Ruwa bai taɓa taɓa shi ba. Ƙasar kowace gona mai ciwo da ya ziyarta tana nan daskare a bakinsa.

"Ba a wanke tarihi," yakan ce in wani ya miƙa hannu.

Dokar wanki ta fartanya ce, wadda ba ta je makaranta ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ana nan sai gwaggonsa ta aiko a kira shi. Tun rasuwar mijinta lambun renon tumatir ke riƙe da ita: ta yafa iri, ya tsiro, manoma su zo su sayi dashe. Bana tsutsa ta tsorata mutane, ba mai son sayen dashen da bai yarda da lafiyarsa ba. Nata lambun ƙalau yake, ganye shar. Abin da take so kawai ɗan ƙanenta ya zo ya faɗa da bakinsa a gaban masu saye. Tana alfahari da shi, baiwar Allah, ita ta goya shi.

Ya zo da mai ɗaukar hoto. Ya bi fangali ɗaya bayan ɗaya yana luma shebur har ƙota, yana kanne ido, ana ɗauka.

"Ɗana, lafiya dai ko?" ta tambaye shi.

"Gwaggo, ilimi ba ya gaggawa. Sai na auna."

Ya tafi aunawa. Makonni suka shuɗe. Kafin lokacin dashe ganye ya fara rawaya, shuka na yaushi da rana ko an ba ta ruwa. Gwaggo ta tuge ɗaya, ta ga saiwa ta yi ƙulu-ƙulu. Ta zauna a bakin rijiya ta yi kuka. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Dakta ya dawo, ya ga saiwar, fuskarsa ta washe kamar wanda aka yi wa haihuwa. Ya tara manoman da suka zo jaje.

"Jama'a, yau ranar tarihi ce. Na yanka, na duba. Tsinken baki iri ɗaya, zanen gindi iri ɗaya da wadda na gano a gonakin hayin kogi. Yadda ta tsallako ruwa ta iso nan, wannan babban sirri ne, kuma ni zan warware shi. Abin mamaki, duk inda na sa ƙafa sai na same ta. Wannan shi ake kira basira."

Manoma suka dubi juna, suka dubi abin da ke hannunsa. Suka fara sulalewa, kowa na addu'ar kada basira ta biyo ta gonarsa.

Sai Dakta ya hango wani kore can bayan garken awaki. Fangali ɗaya ne ya tsira a duk lambun, wanda a zuwan farko mai hoto ya ce wurin ba haske, aka wuce shi.

"Gwaggo, wancan ban duba shi ba." Ya ɗaga shebur ya nufi wurin.

Tsohuwa ta riga shi isa, ta tsaya a gaban fangalin ta buɗe hannuwa.

"Ɗana, don girman Allah bar mini wannan cikin jahilcinsa. Shi zan ci bana."