Rasuwar Ta Gabas, Ragar 'Yan Bayan Tasha

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafar da ta ƙi zama wuri ɗaya tun shekaranjiya, Baba Tela, uban ƙungiyar ƙwallo ta 'Yan Bayan Tasha, yake sanar da jama'a rasuwar ragar gabas ta filinmu, wadda kowa ya sani da Ta Gabas. Ta faɗi ranar Talata bayan la'asar ana tsakiyar atisaye, tana da shekara talatin da ɗaya.

Marigayiyar ta girmi yawancin masu buga mana a yau. Lokacin da Baba Tela ya tara 'yan dako da masu faci ya ce daga yau su ƙungiya ne, ko riga iri ɗaya ba su da ita. Sandunan ragarsu na itace ne, gara ta cinye su har sau biyu. Sai Mai Walda ya kawo bututun ƙarfe ya ce a ba shi awo. Baba Tela ya laluba aljihu, tef yana shago. Ya ga komawa ɓata lokaci ne, ya durƙusa ya auna kamu goma sha shida da hannunsa. Duk wanda ya san shi ya san ba dogo ba ne.

Ta yi rayuwa mai amfani. Ba ta taɓa ƙin rana ko ruwa ba. Muryarta ɗaya ce, ƙwang, in ƙwallo ta bugi ƙarfenta, kuma baƙi sun fi mu jin ta. A shekarar da muka ci kofin yanki ta yi wannan ƙara sau huɗu a wasa ɗaya, har kocin baƙi ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Kullum ita muke zaɓa mu tsare bayan hutun rabin lokaci, 'yan wasa suna cewa tana da albarka.

Ciwon ajalinta mu muka ɗora mata. Tun zamanin itace ake zuba ruwan gishiri a gindin sanda kafin kowane wasa don korar gara. Ƙarfe ya zo, ba wanda ya tuna ya ce a bari. Shekara talatin da ɗaya muna shayar da tsatsa. Masu dariya su yi a gidajensu.

Da aka kwantar da gawar, Mai Walda ya ja tef don ya yanka wata, ya sake ja, sannan ya dubi Baba Tela. "Tsoho, faɗinta bai kai awon doka ba, taƙi uku babu. Kawo in daddatsa ta kafin mutanen hukumar wasa su zo duba fili ran Juma'a."

Baba Tela ya san da taƙi ukun nan tun ranar da ya zo ɗinka mata raga, shekara uku da kafa ta. Ya naɗe tef ɗinsa ya ɓoye maganar, har aka ci kofi a kanta. Kwana biyu ke nan yana zarya tsakanin shago da fili, ya ɗinka aljihun wani a baibai, uwargida ta ce in ba zai zauna ba ya bar mata tsakar gida. Ya gaji. Shi ya sa kuke karanta wannan.

Marigayiyar ta rasu ta bar 'yar'uwarta ta yamma, wadda makaranta ta ba mu kuma awonta cikakke ne, da ƙwallo huɗu, biyu suna sacewa, da benci mai ƙafa uku, da kofi guda. Ta bar golanmu Maƙale, wanda da ya ji labari ya ce, "Baba, ashe duk kirarin nan ba nawa ba ne?" 

Ba za a yanka ta ba. Gawar za ta kwanta a inda ta faɗi har Juma'a da hantsi, duk mai tef ya zo da abinsa. Za a yi zaman makoki a bakin fili, kowa ya taho da kujerarsa. Bayan hukuma ta gama awo, Mai Walda zai ɗauke ta a amalanke zuwa bayan shagonsa. Baba Tela zai zauna a gaba da kofin a cinyarsa, ya riga ya goge shi. In mutanen hukuma sun miƙa hannu zai ba su, kuma kada ya ji bakin kowa.