Awakin Inna a Allon Majigi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka yaye mu daga makarantar koyon kwamfuta a Gummi ba. Ko na so mantawar, 'yan ajinmu ba za su bari ba.

Inna ce ta biya mini kuɗin makarantar. Jar akuyarta ta sayar, wadda ba ta taɓa haihuwar ƙasa da biyu ba, kuma ranar da aka ja ta kasuwa Inna ko tuwon kirki ba ta ci ba. Don haka da aka ce iyaye za su zo bikin yaye, kowa ya nuna abin da ya koya, burina ɗaya ne: Inna ta gani da idonta cewa akuyarta ba ta tafi a banza ba.

Aikin da malaminmu, Malam Nura, ya ba ni shi ne 'yar manhaja mai lissafin ajiyar banki. Ka sa mata abin da ka ajiye da kason da ake ƙara maka a shekara, sai ta riƙa ɗora ƙarin wata-wata, ƙari kan ƙari, ta gaya maka abin da za ka tarar. Na rubuta, ta yi aiki lafiya lau. Sai da safiyar bikin na farga: wannan fa kuɗin ruwa ne! Inna kuwa ko rance ta ba maƙwabciya aka dawo mata da shi da goro a kai, sai ta mayar da goron. In ta ji abin da kuɗin akuyarta suka koya mini ke nan, na shiga uku.

Sai dabara ta zo (ni dabarata ba ta zuwa sai a ƙurarren lokaci). Ai mu ajiyarmu awaki ce. Su ma ƙaruwa suke yi, 'ya'yan su girma su haifi nasu, kuma halal tsantsa. Na bi manhajar, duk inda aka rubuta naira na mai da shi akuya. Can na ci karo da layin da ke raba kason shekara gida goma sha biyu, saboda watanni. Na ce wa zai raba akuya sha biyu, watanda muke yi? Na goge shi. Layin da ke maimaita ƙarin kowane wata kuwa na bar shi daram. Gwadawa? Ina! Ina can ina goge takalmi.

An kafa rumfa, janareta na ta ƙugi, Inna na sahun gaba da mayafinta na Sallah. Da aka kira ni na karɓi lasifika, na yi gyaran murya, na sanar da jama'a cewa na ƙirƙiro wa masu kiwo manhajar da ba a taɓa yi ba (haka na faɗa, Allah na tuba). Na ce, "Inna, awakinki nawa?"

"Huɗu sunka rage," in ji ta da ƙarfi.

Na sa huɗu, na ce a shekara su ƙaru da rabi, na sa shekara biyar. Na waiwaya na yi wa jama'a murmushi, sannan na danna.

Lambar da ta fito a allon majigin ta kusa kaiwa ƙarshen bango. Biliyan ɗari da arba'in da wani abu. Na mai da awakin Inna masu haihuwa kowane wata, jarirai da bunsuraye duka. Malam Nura ya dafe kai. Sai wani dattijo daga baya ya ce, "Yaro, ina za a ɗamre su?"

Rumfa ta kece da dariya. Gumi ya jiƙa mini riga, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Inna ba ta karanta boko, sai ta taɓa matar da ke gefenta ta ce, "Mi tac ce?" Aka gaya mata. Ta dubi allon, ta dube ni.

"Auta," ta ce, "cikin wanga garke naka guda kurum nika so. Ka maido man jar akuyata."

Nan fa aka sake sabuwa, har da masu riƙe ciki. Ita ma dariyar take yi tana share hawaye da bakin mayafi. A motar komawa gida kuwa duk wanda ya shigo sai ta ba shi labari cewa ɗanta ne ya yi magana da lasifika. Zancen biliyan ba ta ko tayar da shi ba.

Yanzu ina aiki a wani shagon buga takardu, 'yan ajinmu na kirana Mai Garke, ni kuma ina amsawa. Da albashina na farko na sayo wa Inna jar akuya. Ta duba haƙoranta, ta shafa bayanta, ta ce ba laifi. Tun daga ranar ban ƙara nuna wa kowa aiki ba sai na gwada shi a ɓoye, ni da kwamfuta. Akuyar kuwa tana nan, tana haihuwarta lokacin da ta ga dama, ba ta taɓa neman shawarata ba.