Ranar da Manhajata Ta Kurmance a Gonar Kawu

Ba zan taɓa mantawa da ranin da na dawo Wurno daga karatun kwamfuta ba, kaina cike da iska. Kawu Umaru, ƙanin mahaifiyata, shi ya riƙe ni tun ina ƙarami, kuma gonar albasarsa ta bakin Rima ita ke ci da gidansa. Ya sa famfon sola, amma kullum sai ya tsaya a rana yana kunnawa yana kashewa. Na ce masa wahalarsa ta ƙare (ni da ko tumatir ban taɓa shukawa ba).

Na rubuta 'yar manhaja na haɗa ta da famfon. Aikinta kamar na mai gadi ne: ta yi ta kewaye tana saurare. Ƙasa ta bushe? Ta kunna. An danna maɓallin tsayawa a wayata? Ta kashe. Akwai kuma wani ɗan ƙarfe da ake cakawa a ƙasa, shi ke gaya mata laima ta isa. Don gwaninta sai na ƙara layi ɗaya: in ta kunna, ta tsaya nan sai ƙarfen ya yi magana. Ban lura ba cewa muddin tana wannan jira, ta daina kewayen, ba ta jin kowa.

Ranar gwaji Kawu ya gayyato abokan nomansa daga Magarya, har da wani dattijo daga Goronyo. A makon Kawu ya gama dashe, albasar siririya kamar tsinke. Don kowa ya ga ƙarfen nawa, maimakon in caka shi cikin fangali, inda ruwa ke kwanta wa albasar, sai na kafa shi can saman kunya (har goge shi na yi da hannun riga). Famfo ya tashi da kansa, dattawa suka jinjina kai.

Da aka kira azahar Kawu ya nufi famfon zai kashe. Na tare shi.

"Bar shi, Kawu. Shi ya san lokacin tsayawa."

Ya dube ni, ya dubi gonar, ya biyo mu. Muka yi salla, muka sha fura, na yi ta zuba bayani.

Da muka dawo ba a ganin fangali ko ɗaya. Ruwa ya ɓalle kunyoyi, dashen yana yawo a kai, famfo kuwa yana ta aikinsa. Kunyar da na kafa ƙarfen ce kawai a bushe. Na danna maɓallin tsayawa, shiru. Na sake dannawa. Maimakon in ruga in cire wayar famfon, sai na tsaya ina kallon fuskar wayata, ina cewa yanzu manhajar za ta ji.

Kawu ya tsaya cikin ruwa har ƙwauri, ya ce a hankali, "Ɗana, mi take jira?"

Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Laima."

Ba wanda ya yi dariya, kuma wallahi da sun yi da na fi samun sauƙi. Kawu ya fizge wayar famfon, ya duƙa ya fara tsintar dashen ɗaya ɗaya. Baƙinsa suka naɗe wando suka taya shi. Ni ma na duƙa, hawaye na zuba.

Kaɗan daga dashen ya kama. Shekarar nan rudun da yake adana albasa a ciki rabi ma bai cika ba, kuma bai taɓa yi mini faɗa ba. Wannan shirun ya fi duka ciwo.

Layin da ya jawo abin na goge shi a ranar, yanzu manhajar tana jin kowa. Abin da na koya shi ne, wanda ya kafe yana jiran magana ɗaya, mutum ne ko na'ura, kada a bar masa famfo. Kawu ma ya koyi nasa. Har yau in na ɗauko buta zan zuba masa ruwan alwala, sai ya karɓe ya ce, "Kawo, ɗana. Ni na san lokacin tsayawa."