Ludayin Kaka Ya Riga Muryarta

"...lafiya lau, mijin banza. Ashana kwali ɗaya tun shekaranjiya? Da hawainiya na aika, da tuni ta dawo har ta huta."

Haka Kaka ta tarbi jikanta da safen nan da ya kawo mata ashanar, tana zaune gaban risho. Shi kuwa lebura ne a wurin fasa dutse. Sau biyu yana faɗuwa jarrabawar zama mai tayar da nakiya, duk a kan tambaya ɗaya, yau kuma zai shiga ta uku, ta ƙarshe.

"Tsohuwa, ki bar ni, kaina cike yake da karatu."

"Cike da tsakuwa dai. Wace tambaya ce take ta nana ka da ƙasa?"

"Bambancin albarushi da nakiya. Ɗaya ƙonewa yake yi, ɗaya tarwatsewa. Da na ga takarda sai su cakuɗe mini."

Kaka ta ƙyasta ashana, fuu!

"Wannan fa?"

"Ƙonewa ce. Zafi ke bi daga ƙwaya zuwa ƙwaya, gudunsa bai kai na sauti ba. Haka albarushi yake, turawa yake yi."

"Marigayi kakanka ke nan! Fushinsa daga kunne yake farawa, ya gangaro gemu, kafin ya iso baki kowa ya kwashi takalminsa."

"Ita kuwa nakiya, bugu ne ke ratsa ta, ya fi sauti gudu. Farfasawa take yi."

"Allah ya raba mu da mai irin wannan hali."

"Amin, amma an makara. Ranar da na fasa miki madubi, sai da ludayi ya sauka a ƙeyata sannan na ji muryarki. Jiki magayi!"

"Ni ce nakiyar? Ni da ko sauro ba na kashewa?"

"Ai sauro ba ya shigowa layin nan, ya ji labari."

"Ja'iri! Gemunka a hannuna kake yi mini rashin kunya. To, maimaita. Kakanka?"

"Ƙonewa, sauti ya riga shi isowa."

"Ni fa?"

"Tarwatsewa, kin riga sauti... Kai! Wallahi ya zauna mini a kai!"

Kaka ta yi dariya har ta share hawaye da bakin mayafi. Ta jawo durowa, ta laluɓo tsohon biron marigayi, ta danƙa masa.

"Ungo, angona, yau ka yi galaba a kaina. Je ka rubuta ni da kyau. In ka sake faɗuwa kuwa, ba za ka ji zuwana ba."