Ƙofar da Fitilar Gari Ya Toshe

Garinmu bai taɓa haifar mai hangen nesa kamar Mista Randall Koskela ba. Shi da kansa ya tabbatar mana. Ya ɗan zauna a Chicago, ya dawo da doguwar kwat da sanda, muka laƙaba masa Fitilar Gari. Abu ɗaya ya rage masa a duniya, kujerar shugaban majalisar gari. Sharaɗinta kuwa ɗaya ne: wanda bai zo zauren taro ranar zaɓe ba, ya fita daga takara.

Da gidan ubansa ya fara kawo ci gaba. Kamar sauran tsofaffin gidajen bakin Tafkin Superior, akwai wata ƙofar waje marar matakala a bene, don in dusar ƙanƙara ta binne ta ƙasa a fita ta sama. Fitila ya sa aka toshe ta da bulo, aka kafa tagogin zamani da ba sa buɗewa.

"Ƙofa a sama, sai ka ce ɗakin tantabara," in ji shi a gidan shan kofi. "Ƙauyanci ne tsantsa. Ina hawa kujera kowa zai toshe tasa."

Matarsa Doreen ta ce, "Randall, tafkin nan fa bai je Chicago ba."

"Ke dai zuba ido. Ni da sararin sama mun san juna."

To, wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Ana jajibirin zaɓe iska ta biyo kan ruwa, ta kwaso dusar ƙanƙarar da ta kwaso, ta juye wa unguwarsu. Halin tafki ke nan: can wajen zauren taro rana ƙwal, gidan Fitila kuwa da ƙyar ake hango rufinsa. Ranar zaɓe ya tura ƙofa, ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. Maƙwabta suna ta fita ta ƙofofin ƙauyanci.

Hankalinsa ya tashi. Ya cije takardar jawabi, ya nufi 'yar tagar banɗakin sama, wadda ita kaɗai ke buɗewa. Kai ya fita, kafaɗa ta fita, tumbi ya ce shi yana gida. Doreen ta ja ƙafarsa har ta gaji, ta koma ta ɗora kofi.

A nan tsoho Eino, maƙwabcinsa, ya same shi da ya dawo daga zaɓe. Ya cire hula cikin ladabi.

"Aili mai gidan burodi aka ba kujerar," in ji shi. Ya ƙare wa tagar kallo. "Sannu da ƙoƙari, ranka ya daɗe. Ita ma wannan toshe ta kake yi?"